Gobir: In Takarda Ta Ƙone, Shi Ke Nan Haƙƙi Ya Ƙone?

Duk lokacin da 'yan bindiga suka auka wa wani gari a gabashin Jihar Sakkwato, abin da ake ƙirgawa bayan ƙura ta lafa sananne ne: gawa nawa aka binne, mutum nawa aka kora daji, shanu nawa aka kwashe, rumbu nawa aka cinna wa wuta. Amma akwai wata asarar da ba ta shiga lissafin kowa, ba a kuma jin zafinta sai bayan shekaru. Ita ce 'yar ledar nan, ko ɗan akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gado, inda malamin makaranta, ko ma'aikacin asibiti, ko masinjan ƙaramar hukuma yake adana takardunsa na aiki. Wanda ya fita da tsakar dare da yara a kafaɗa yana neman tsira da ransa, ba ta takarda yake yi ba. Sai ranar da aka ce masa ya kawo shaidar cewa ya taɓa yi wa gwamnati aiki, sannan zai gane cewa wutar da ta ci ɗakinsa tana neman haɗawa da shekaru talatin na rayuwarsa.

Mai karatu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan halin da mutanen Sabon Birni da Isa suka shiga. A ranar 27 ga Mayun 2020 kaɗai, an kashe sama da mutum 70 a Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari, Katuma da Masawa. A Satumbar 2021 aka toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, har da waɗannan biyun. A Disambar shekarar aka ƙona matafiya sama da ashirin a cikin motarsu kusa da Gidan Bawa. A Nuwambar 2021, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutum 11,500 da suka tsallaka Nijar cikin wata guda, suka raɓe a ƙauyukan Bangi ta Jihar Tawa, ban da dubban da suka riga su zuwa yankin Gidan Runji ta Jihar Maraɗi tun 2019. Mutanen Kurawa, Gatawa, Tara, Lajinge da Unguwar Lalle sun san wannan labarin a jikinsu. To, a cikin waɗannan dubban da suka watse akwai ma'aikata, akwai 'yan fansho, akwai zawarawa da marayun ma'aikatan da aka kashe. Ina takardunsu?

Ga wanda bai taɓa aikin gwamnati ba, sai ya ɗauka magana ce ƙarama. Ai kuwa ba ƙarama ba ce. A tsarin da ake tafiya a kai, ma'aikaci ba kowa ba ne illa abin da takarda ta ce. Akwai takardar ɗaukar aiki, wadda ke nuna ranar da ya fara. Akwai takardar tabbatar da shi a aikin, wadda bisa al'ada ake bayarwa bayan shekara biyu na gwaji. Akwai takardun ƙarin girma, da na canjin wurin aiki, daga ƙarshe kuma takardar ritaya. A kan ranar da ke jikin takardar farko ake ƙirga shekarun aiki, a san ko ya cika shekara 35 ɗin da ƙa'ida ta yanka, ko 40 da dokar tarayya ta 2022 ta yanka wa malaman makaranta. A kan matakin da ke jikin takardar ƙarin girma ta ƙarshe ake lissafa garatuti da fansho. In ma'aikaci ya rasu, da waɗannan takardun ne magadansa za su nemi haƙƙinsa. Duk kwamitin tantancewa da aka kafa a ƙasar nan, daga na tarayya har na ƙaramar hukuma, su yake fara tambaya, kuma sau da yawa na asali yake so, ba hotonsu ba.

A ɗauki misalin malamin firamare da ya kama aiki a ƙasar Kurawa a farkon shekarun 1990. Ya koyar a ƙarƙashin bishiya, ya koyar a ajin da ba rufi, ya yi watanni ba albashi, ya haƙura. Yaran da ya koya wa baƙi da wasali wasunsu yau su ne a ofisoshi. Aka wayi gari aka tashi ƙauyen, ɗakinsa ya ƙone da abin da ke ciki. Yanzu ritaya ta zo, ko kuma an yi shelar tantance ma'aikata. Abin da zai tarar a gabansa shi ne: ya je wajen 'yan sanda ya samo rahoton ɓatan takardu, ya je kotu ya yi rantsuwa, ya koma ofishin ilimi ya nemi a duba fayil ɗinsa, in ba a gani ba a tura shi Sakkwato. Kowane mataki da kuɗinsa, kowace tafiya da kuɗin motarta, ga mutumin da ke zaman gudun hijira a gidan dangi, wanda abincin dare ma aiki ne. Kuma wace hanya zai bi zuwa Sakkwaton? Hanyar Goronyo, wadda a kanta ne aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Yulin 2024, aka kuma kashe shi a hannun masu garkuwa a watan Agusta. Hanyar da ba ta bar basarake ba, ita ce ake son tsohon malami ya riƙa zarya a kanta don neman takardar da ba shi ya rubuta ta ba tun farko!

Abin tambaya a nan shi ne: wa ya rubuta takardar? Ashe ba ofis ne ya rubuta ba? Ashe ba ofis ne ya buɗe masa fayil, ya ba shi lamba, ya riƙa sa sunansa a takardar biyan albashi wata bayan wata, shekara bayan shekara ba? Abin da ke hannun ma'aikaci kwafi ne na shaidar da mai aikin ya bayar, asalin maganar tana wajen wanda ya ɗauke shi. Ta yaya za a ce wanda aka yi wa aiki ya manta, sannan a ɗora wa wanda ya yi aikin nauyin tunatar da shi? In mutum ya ci bashi ya rubuta wa mai bashin takarda, sai gobara ta cinye takardar, wace shari'a ce ta ce bashin ya faɗi? Fansho da garatuti bashi ne a wuyan gwamnati, ba kyauta ba ce, ba kuma alfarma ba. Tsarin Mulkin 1999 da mahukunta suka yi rantsuwar karewa, a sashe na 210, ya hana a riƙe wa ma'aikacin jiha haƙƙinsa na fansho ko a tauye shi ba bisa doka ba, kuma sashe na 318 ya sa ma'aikatan ƙananan hukumomi a cikin ma'aikatan jiha.

In kuwa aka ce fayil ɗin ne ya ɓata a ofis, to wannan ma ba laifin malamin ba ne. A duba irin gararambar da aka yi da ilimin firamare a tsawon aikinsa. A 1988 gwamnatin soja ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa. A 1991 ta rushe ta, ta miƙa wa ƙananan hukumomi makarantun da malamansu. A 1993 aka sake dawo da hukumar. A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a nan Sakkwato, a 2004 aka yi masa doka, hukumomin jihohi suka sauya suna da tsari. A tsakanin nan kuma an tsaga jihar kanta sau biyu: Kabi ta fita a 1991, Zamfara ta fita a 1996, Shinkafi ta bi Zamfara, Isa da ke maƙwabtaka da ita ta zauna a Sakkwato. Duk sauyi ɗaya, sai an kwashi fayil-fayil daga wannan ɗaki zuwa wancan. Malamin bai kafa hukuma ba, bai rushe ba, bai tsaga jiha ba. Yana cikin ajinsa da allinsa. Don me shi zai biya kuɗin sakacin da wasu suka yi?

Mahukunta suna da amsar da suke bayarwa, kuma ya kamata a saurare ta. Sukan ce tsanantawar ta zama dole saboda ma'aikatan bogi, wato sunayen da ke karɓar albashi alhali babu masu su, ko akwai su amma ba su san hanyar wurin aikin ba. Gaskiya ne wannan cuta tana nan, kuma dukiyar talakawa ce ake sacewa. Amma wa yake ƙirƙirar ma'aikacin bogi? Tsohon malamin Kurawa ba shi da hatimin ofis, ba shi da ikon sa suna a takardar albashi. Ma'aikacin bogi a ofis ake haifarsa, kuma abin takaicin shi ne takardunsa sun fi na kowa cika, domin wanda ya ƙirƙire shi shi ke riƙe da biro da hatimi. Saboda haka in aka mayar da tantancewa ta zama duba takarda kawai, sai na bogi ya wuce yana murmushi, na gaske ya faɗi. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

A nan ne ya kamata kowa ya tsaya ya yi tunani a kan sunan abin. Takardar shaidar aiki ake ce mata, kuma shaida ce da gaske. Musulmi ya san matsayin shaida a addininsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ta kuma hana marubuci ya ƙi rubutawa. Ayar da ke bi mata ta yi gargaɗi mai tsanani a kan ɓoye shaida. Shaidar zur kuwa tana cikin manyan zunubai. To, jami'in da ya san mutum ya yi aiki, fayil yana gabansa, amma ya ƙi rubuta masa takarda sai an ba shi na goro, ko ya yi ta ce masa je ka ka dawo har ya gaji ya bari, wannan ya ɓoye shaida. Wanda kuma ya rubuta wa ɗan'uwansa ko yaron gidansa takardar aikin da bai yi ba, ya buga hatimi, wannan ya yi shaidar zur. Su biyun a sahu ɗaya suke sallar Juma'a da waɗanda suka zalunta, kuma akwai ranar da za a buɗe wani littafin da ba ya ƙonewa, ba ya kuma ɓata a hannun akawu.

Rubuta amana ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasar, ba kuma Bature ne ya zo da shi ba. Tun kafin 1903, daular Sakkwato da wasiƙa da hatimi take gudanar da mulkinta, tsakanin Sarkin Musulmi da Waziri da sarakunan ƙasashe, kuma da yawa daga cikin wasiƙun suna nan a adane har yau. Abin kunya ne a ce wasiƙar da aka rubuta da tawada da alƙalamin kara sama da shekara ɗari da suka wuce tana nan, amma fayil ɗin ma'aikacin da ya kama aiki a 1992 an neme shi an rasa, a zamanin kwamfuta.

Wannan duk a kan waɗanda suka taɓa samun takarda ne. Akwai waɗanda suka fi su yawa, da ba a taɓa ba su ko ƙyalle ba. Akwai masu shara da masu gadi da mataimaka a ɗakunan shan magani, da ake kira ma'aikatan wucin gadi ko 'yan sa kai, wasu su shekara goma a haka. Akwai malaman makarantu masu zaman kansu da na Islamiyya. Akwai yaran shago, da direbobi, da masu aikin gidan burodi. Akwai kuma samarin Gobir da rashin tsaro ya hana su noma, suka bazu ci-rani a Legas, Ibadan, Fatakwal da Abuja, suna gadi da dako da leburanci. Mutum zai yi shekara bakwai yana gadin gida ko kamfani, ranar da aka sallame shi ya fito hannu rabbana. In ya je neman wani aikin, aka tambaye shi inda ya taɓa yi, ba shi da abin nunawa. In aka tare shi a hanya aka ce ya faɗi ko shi wane ne, a wannan zamani da ake yi wa duk ɗan yankin kallon tuhuma, ba shi da takardar da za ta ce wannan mutumin kirki ne, ya yi wa wane aiki daga shekara kaza zuwa kaza. Ga irin wannan bawan Allah, 'yar takarda mai layi biyar tana iya zama abin da zai fitar da shi daga hannun 'yan sanda, ko daga hannun 'yan banga.

Alhali kuwa doka ba ta yi shiru gaba ɗaya ba. Dokar Ƙwadago ta 1974, a sashe na 7, ta wajabta wa mai aiki ya ba lebura ko akawun da ya ɗauka rubutaccen bayani kafin a wuce wata uku da fara aiki, mai ɗauke da sunan mai aikin, da irin aikin, da albashi, da sauran sharuɗɗa. Mutum nawa ne a kasuwar Sabon Birni ko ta Isa suka san da wannan? Mutum nawa aka taɓa hukuntawa don sun ƙi bi? A 1982 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara mai lamba 166, cewa duk wanda aka sallama yana da haƙƙin ya nemi takardar da ke nuna ranar da ya fara, ranar da ya bari, da irin aikin da ya yi. Ba sai an je Turai neman misali ba. A tsallaken iyaka, dokar ƙwadagon Nijar ta 2012 ta tilasta wa mai aiki ya ba ma'aikaci irin wannan takardar a ranar rabuwa. Ba wai kowa a Maraɗi ko Madawa ke bin ta ba, amma aƙalla wanda aka hana yana da dokar da zai kai ƙara da ita. Bagobirin Tibiri yana da wannan haƙƙin a rubuce, ɗan'uwansa na Sabon Birni kuwa sai dai ya roƙa.

Mafita ba ta buƙatar biliyoyin naira. Abu na farko, gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa su fito fili su yi shela cewa duk ma'aikaci ko ɗan fansho ko magajin da rikici ya raba da takardunsa, za a fitar masa da kwafi daga fayil, a buga hatimi, kyauta, cikin kwanakin da aka ƙayyade, kuma kwafin ya zama daidai da na asali a gaban kowane kwamiti. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, to alhakin ma'aikatansu ma nasu ne, ba sauran fakewa da cewa sai an ji daga sama.

Abu na biyu, inda aka rasa fayil ɗin ofis ma, a karɓi wasu hujjojin. Tsofaffin takardun biyan albashi suna nan. Bayanan banki suna nan, tun da an daɗe ana biyan albashi ta asusu. Akwai littafin tarihin makaranta da rajistar halartar malamai. Akwai abokan aiki, da tsofaffin hedimastoci, da hakimai da dagatai, da iyayen yara. A ƙauye ba a ɓoye wanda ya shekara ashirin yana koyarwa. Shaidar adilai biyu da ake yanke hukunci da ita a kotu, ta isa ta tabbatar da cewa malam ya shiga aji. Kuma ta wannan hanyar ce ma za a kama na bogi, domin shi ba wanda zai tashi a gaban jama'a ya ce ya taɓa ganinsa a bakin aiki.

Abu na uku, kwamiti shi zai je inda mutane suke. Jami'in da ke da mota da rakiyar jami'an tsaro ya fi cancantar ya bi hanyar Goronyo a kan tsoho mai sanda. Waɗanda ke Bangi da Gidan Runji a yi musu hanyar da za a tantance su ba tare da an jefa rayukansu cikin haɗari ba. Haka nan ma'aikacin da aka tashi garin da aka tura shi, kada a rubuta masa cewa ya gudu daga aiki a tsayar masa da albashi. A ba shi takardar canjin wuri zuwa inda ya samu mafaka, domin a can ma akwai yaran da ke buƙatar malami da marasa lafiyan da ke buƙatar allura.

Abu na huɗu, a riƙa ba kowane ma'aikaci takaitaccen bayanin aikinsa duk shekara, a kuma adana kwafin kowane fayil a wuri fiye da ɗaya, a takarda da kuma a kwamfuta. 'Yan majalisar da ke wakiltar Isa da Sabon Birni a Sakkwato da Abuja su kai ƙudurin da zai mayar da takardar shaidar aiki wajibi a kan kowane mai ɗaukar ma'aikaci. Ƙungiyoyin malamai da na ma'aikatan ƙananan hukumomi, waɗanda ake yankar musu kuɗi daga albashin mambobinsu kowane wata, su tattara sunayen waɗanda abin ya shafa su tsaya musu. Wannan ma yana cikin abin da aka kafa su dominsa.

Sauran magana ta jama'a ce. Alhajin da ke da yara a shago, da mai makaranta, da mai motoci, kada su jira doka. Wanda ya yi maka aiki, rubuta masa: sunansa, ranar da ya fara, ranar da ya bari, aikin da ya yi, ka sa hannu. Ko da ajami ne. Ba ya cin kwabo, kuma sauke nauyi ne. Shi kuma ma'aikacin da takardunsa ke hannunsa har yanzu, ya yi wa kansa ƙiyamul laili tun da wuri: ya yi hotonsu kashi biyu ko uku, ya ajiye wani kason wajen amintaccen ɗan'uwa a wani garin, ya ɗauki wani a waya, ya kuma sanar da iyalinsa lambar fayil ɗinsa da inda ya ajiye komai. Rigakafi ya fi magani.

Mutanen Gobir sun rasa 'yan'uwa, sun rasa gonaki, sun rasa dabbobi, kuma waɗanda aka ɗora wa alhakin kare su ba su kare su ba. Bai kamata a ce ɗan abin da ya rage musu, wato gumin da suka riga suka zubar, shi ma a bar shi ya salwanta a kan teburin akawu ba. Ɗan bindiga ya ƙona takarda, wannan laifinsa ne, zai kuma amsa. Amma in haƙƙin da ke jikin takardar ya ɓata, to wannan ba a daji aka yi shi ba, a ofis aka yi. Allah ya isar wa duk wanda aka zalunta, ya kuma dawo da zaman lafiya ƙasar Gobir.